Karen Jamus mai gangaren baya: kyau ne ko nakasa?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Masu sayar da 'yan kwikwiyo sun raba German Shepherd, wato karen Jamus, gida biyu, mai gangaren baya da mai miƙaƙƙen baya, kuma kuɗin na farko ya fi, wai shi ne na asali. Ga mai neman karen gadi a gida mai fili a wajen Kano ko Katsina, wanne ya dace? Me kuma ake dubawa kafin a biya kuɗi?

Dakta:
Wa alaikumus salam. A fara gyara kalmar "asali" tukuna. A 1899 aka kafa ƙungiyar wannan kare a Jamus, ƙarƙashin wani tsohon hafsan sojan doki, Max von Stephanitz. Karen farko da aka rubuta a littafin zuriya, Horand von Grafrath, bayansa a miƙe yake, duk wanda ya ga hotonsa zai shaida. Aikin da aka yi karen dominsa shi ne ya yini yana sassarfa a gefen garken tumaki yana tsare su kada su faɗa gonar mutane. Gangaren da ake gani yau daga baya ya shigo, ta hanyar gasar nuna kyau. Saboda haka idan tsufa ake nufi da asali, mai miƙaƙƙen baya ne babba.

Hajiya Mai Kiwo:
Dakta, gaskiya ne, amma kada a ɗora wa ma'aunin siffar karen laifin da ba nasa ba. Rubutaccen ma'aunin da ƙungiyar karnuka ta duniya, FCI, ke aiki da shi yana nan, lamba 166. Namiji tsayinsa daga ƙasa zuwa doron kafaɗa santimita 60 zuwa 65, nauyi kilo 30 zuwa 40. Karya santimita 55 zuwa 60, kilo 22 zuwa 32. Tsawon jiki ya ɗara tsayi da kashi 10 zuwa 17 cikin ɗari. Gadon baya cewa aka yi ya kasance mai ƙarfi, kuturi ne kawai zai ɗan zuba da kimanin digiri 23, kusurwar cinya da ƙwauri kuma wajen digiri 120. Babu inda aka ce kare ya riƙa jan gindi a ƙasa. Alƙalan gasa ne suka yi ta ba mai wuce gona da iri kambu, masu kiwo kuma suka bi inda kuɗi yake. Ma'auni kansa yana da amfani, shi ke hana a haɗa maka kowane kare a ce maka karen Jamus ne.

Dakta:
Na yarda, Hajiya. Kuma ko a Turai abin ya dame su. A gasar Crufts ta Ingila a 2016 an yi ta ce-ce-ku-ce saboda wata karya mai zubabben baya da ta zo ta ɗaya a jinsinta alhali ƙafafunta na baya suna tangaɗi. Sai dai mai saye a nan ba takarda yake saye ba, dabba yake saye, kuma dabbar ce za ta yi shekara goma tana tafiya a kan waɗannan ƙafafun.

Mai Horo:
Malam mai tambaya, kada ka yanke hukunci da hoto. Akwai tsayuwar da ake yi wa wannan kare don ɗaukar hoto: a bar ƙafar baya ɗaya a ƙarƙashin ciki, a ja ɗayar can baya. Ko kare mai lafiyayyen baya aka tsayar haka sai ka ga ya zuba. Ka je da kanka, ka ce a fito da uwar, da uban idan yana nan, a sake su su tsaya yadda suka ga dama. Sannan a ja kowanne da igiya a kan ƙasa mai tauri, taku talatin gaba, taku talatin dawowa, kai kuma ka durƙusa ka kalle shi ta baya.

Abin da za ka duba: dugadugan baya su tafi a miƙe, kada su riƙa gogar juna ko su karkata ciki kamar na saniya. Kada dunduniya ta riƙa kusan taɓa ƙasa a kowane taku. Ka saurara, idan kana jin farce yana karce siminti, ɗaga ƙafar ka duba, za ka tarar faratan tsakiya biyu sun cinye ta sama, alamar jan ƙafa yake yi. A sa shi ya yi gudu: idan yana haɗa ƙafafun baya biyu yana tsalle da su tare kamar zomo, ciwon ƙugu ne. A ƙarshe a bar shi ya kwanta minti goma, a kira shi. Mai lafiya zumbur zai miƙe. Mai ciwon ƙugu da ƙafafun gaba zai fara ɗagowa, sannan ya jawo bayansa a hankali.

Mai Neman Sani:
To idan bayan a miƙe yake, shi ke nan ƙugun lafiya lau ne?

Dakta:
A'a, nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Ciwon ƙugu na gado abu ne daban: kan ƙashin cinya ba ya zama daram a cikin kwaskonsa, yana ta wasa har guringuntsi ya cinye. Kare mai miƙaƙƙen baya ma yana iya ɗauke da shi, mai ɗan gangare kuma yana iya tsira. Ido ba ya tabbatarwa, sai hoton ƙashi. Ana ɗauka ne bayan kare ya cika wata 12 a tsarin Jamus, a tsarin Amurka kuma wata 24, a ba shi maganin barci a kwantar da shi rigingine a miƙe ƙafafun. FCI tana ba da daraja daga A zuwa E. A da B ne ake so a haifa daga gare su, D da E bai kamata su yi barbara ba sam. Mai kiwo da gaske ya nemi a yi wa karensa hoton a asibitin koyarwa na dabbobi irin na Zariya ko Sakkwato, a haɗa har da gwiwar ƙafar gaba.

Hajiya Mai Kiwo:
Ƙari a kan haka, a can Jamus kyau kaɗai ba ya ba kare izinin haihuwa a ƙungiyar. Sai ya ci jarrabawar aiki mai sashe uku, bin sawu da biyayya da kariya, sai kuma gwajin juriya: kilomita 20 yana sassarfa a gefen keke. Wannan sashen ne ya faɗi a hanya kafin karen ya iso kasuwarmu. Mun ɗauki launi da girman kai, mun bar gwajin.

Ɗan Tawa:
Ranku ya daɗe, bari in kawo misali daga namu yankin, don a ga cewa ma'auni kwatancen aiki ne. Karen Azawak sunansa daga kwarin Azawak ne, tsakanin Nijar da Mali, karen Buzaye da Fulani da maƙwabtansu. Yana gadin zango da dabbobi, yana kuma korar zomo da barewa. A shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, FCI ta ba shi lamba 307, ƙungiyar karnuka ta Amurka kuma ta karɓe shi a 2019. Namiji santimita 64 zuwa 74, amma nauyinsa kilo 20 zuwa 25 kacal. Karya santimita 60 zuwa 70, kilo 15 zuwa 20. Ku kwatanta: ya fi karen Jamus tsayi, nauyi kuwa bai kai shi ba ko kusa. Tsayinsa ya ɗara tsawon jikinsa, gashi gajere ƙwarai, ciki kusan babu gashi, fata siririya har ana ganin tsoka da ƙashi. Abin da zai ba ku sha'awa, ƙasusuwan ƙugunsa dole su yi daidai da doron kafaɗa ko su ɗara shi, wato kishiyar abin da ake tallata muku. Jikin da zai zubar da zafi ya yi gudu a rairayi ke nan.

Kuskuren da ake yi da shi biyu ne. Na farko, wanda bai san shi ba yana ganin haƙarƙari sai ya ce yunwa ce, ya yi ta ɗura masa abinci har ya lalata masa gaɓoɓi. Na biyu, ma'aunin FCI ya taƙaita launi ga ja-ja da ruwan ƙasa, da zane ko babu, da fari a ƙafafu da ƙirji da bakin wutsiya, alhali a zangon makiyaya akwai launukan da suka wuce haka. Makiyayi ba ya ƙin kare don farin ƙafarsa bai kai inda aka rubuta ba. Idan aka tsananta wa launi, zuriya ce ke ƙuntata, daga nan kuma sai barbarar dangi da cututtukanta.

Baba Maharbi:
Yaro ka yi magana. Ku 'yan birni kun raina karen gida, alhali shi ne ya san ƙasar nan. Maharbi in zai zaɓi kwikwiyo ba ya tambayar takarda. Ƙirji yake dubawa ya ga mai zurfi ne, ciki a ɗame, yatsu a dunƙule kamar na kyanwa don ƙaya da tsakuwa, tafin ƙafa mai kauri. Sai a ja fatar zomo a ƙasa a ɓoye ta bayan zana, a saki 'yan kwikwiyon. Wanda ya sa hanci ƙasa ya bi har ya samo, shi ne naka. Wanda ya ji an buga kwano ya firgita ya ƙi dawowa, bar shi. Ga gidan da haushi kawai ake so a ji in baƙo ya taɓa ƙofa da dare, karen gida da aka yi wa allura aka ciyar da shi da kyau ya wadatar, kuma abincin babban kare ɗaya zai riƙe irinsa biyu.

Mai Horo:
Baba, babu musu a kan juriya da faɗakarwa. Inda karen Jamus da Malinois, wani karen aiki na ƙasar Beljiyam, suka yi fice shi ne karɓar umarni: a ce kama ya kama, a ce saki ya saki nan take. Shi ya sa 'yan sanda da sojoji ke riƙe su. Amma a nan zan ja hankalin mai tambaya, kada ya ji an yabi zuriyar aiki ya ruga ya sayo. Karen da aka haifa don aiki yana buƙatar aiki. Aƙalla awa ɗaya zuwa biyu na motsa jiki kullum, da horo na minti 10 zuwa 15 sau biyu a rana. Idan aka ɗaure shi da sarƙa daga asuba zuwa dare, zai fara zagaye wuri ɗaya, ya ciji wutsiyarsa, ya tone gindin katanga, ƙarshe ya ciji ɗan gida. Malinois ya fi tsanani a wannan. Ga gidan iyali, a nemi matsakaici: baya mai ƙarfi, iyaye masu natsuwa, waɗanda baƙo zai tsaya kusa da su tare da mai su ba tare da sun haukace ko sun ɓuya ba. Kare matsoraci ya fi kowanne saurin cizo.

Malam Na Zaure:
Tunatarwa a taƙaice, tunda ana yawan tambaya: hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, aya ta 4 a Suratul Ma'ida kuma ta yi maganar dabbar farauta da aka horar. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kai in akwai buƙata. Wanda ya ajiye kuwa, ci da sha da inuwar dabbar suna wuyansa.

Hajiya Mai Kiwo:
Madalla, Malam. Maganar inuwa ta kawo mu ga abin da ya fi gangaren baya kashe karnuka a nan, wato zafi. Yanzu yayi ya koma kan Caucasian, karen da aka yi don duwatsu masu ƙanƙara, namijinsa ba ya kasa kilo 50, ga gashi ninki biyu. A kawo shi garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, a sa shi a kejin ƙarfe mai rufin kwano. Wannan zalunci ne, ko da ba a yi niyya ba. Boerboel da Rottweiler gashinsu gajere ne, amma nauyi da gajeren hanci suna sa su ma su galabaita da wuri.

Dakta:
Dalilin shi ne kare ba ya gumi sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi. Gwargwadon gajartar hanci da kaurin jiki, gwargwadon wahalar hakin. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39.2 ne. In ya kai 41 rai na cikin haɗari. Alamomi: harshe ya fito ya yi faɗi ya yi ja wur, yawu mai kauri yana dalala, tangaɗi, amai, sai faɗuwa. Kada a tsaya neman mota tukuna. A kai shi inuwa, a yi ta kwara masa ruwan randa ko na famfo a wuya da ciki da hammata da tsakanin cinyoyi, a kunna fanka ko a yi masa fifita. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, yana riƙe zafin ne. Kada a ɗura masa ruwa a baki in ba ya iya haɗiya. Da zafin ya sauko wajen 39.5 a dakata, a tafi asibiti ko da ya miƙe, don ƙoda kan iya bugawa bayan kwana ɗaya ko biyu.

Rigakafin abu ne mai sauƙi. Ɗakin kare ya sami rufi mai tsayi da silin ko zana a ƙarƙashin kwanon, iska na shiga ta gefe biyu. Ruwa a ƙalla mililita 60 ga kowane kilo a rana, wato kare mai kilo 35 ya wuce lita biyu, da bazara kuma a ninka. Yawo da sassafe ko bayan magariba. Ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta, in ba ka iya jure daƙiƙa biyar ba, shi ma tafinsa zai ƙone.

Mai Neman Sani:
Aske gashin fa? Ana cewa yana rage zafi.

Hajiya Mai Kiwo:
Kada a aske. Gashin sama yana kare fata daga rana da cizon ƙuda, kuma in an aske sau da yawa ba ya dawowa daidai. Na ƙasan ne, mai laushi kamar auduga, ake cirewa da matsefi mai dogayen haƙora, sau uku a mako, kullum ma in yana zubarwa. Wurin tsefewar ne kuma za ka ga kaska: cikin kunne, tsakanin yatsu, ƙarƙashin wuya.

Dakta:
Kaskar nan ba abin wasa ba ce, kuma karen Jamus ya fi karen gida jigata da zazzaɓin da take kawowa. Ɗaga leɓensa sau ɗaya a mako. Dasashi ya zama ruwan hoda. In ya yi fari fat ko ɗorawa, ko fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko jini na fita ta hanci, a je a gwada jini ranar. Wanke kare kaɗai ba ya isa, domin kaskar a tsagar bango da ƙasan ɗakin take ƙwai, sai an yi feshi an kuma toshe tsagar da siminti. Masu amfani da maganin kaska amitraz mai ƙarfin kashi 12.5 cikin ɗari, mililita 2 ne a lita ɗaya ta ruwa, ba a ƙarawa, ba a yi wa ƙaramin kwikwiyo, a sa safar hannu. Maganin feshin gona kuwa ko kusa kada ya taɓa jikin kare.

Mai Horo:
Dakta, a taɓo mana renon kwikwiyo, don ana sayen mai ƙugu lafiyayye a lalata shi a gida.

Dakta:
Hanya uku ake lalata shi. Ta farko ƙiba. Kowa na son a ce kwikwiyonsa ƙato ne, sai nauyi ya riga ƙashi girma. Shafa tafinka a gefensa, ya kamata ka ji haƙarƙari ba tare da ka danna ba, ta sama kuma ka ga ƙugu ya ɗan shiga. Ta biyu ƙwayar kalsiyam. Kwikwiyon babban kare ba ya iya tace abin da ya yi masa yawa, hanjinsa zuƙewa kawai yake yi, sai gaɓoɓi su karkace. In yana cin abincin kamfani na 'yan kwikwiyo, ba ya buƙatar ƙari. Wanda ke cin dafaffen nama da shinkafa zalla shi ne ke da gibi, shi ma likita ne zai auna masa. Ta uku tayil mai santsi da hawa bene da tsalle daga bayan mota kafin ya shekara. A bar shi ya yi wasa a ƙasa ko yashi mai tsabta.

Ciyarwa sau huɗu a rana har wata uku, sau uku har wata shida, daga nan sau biyu har ƙarshen rayuwa. Kada a tara masa a kwano ɗaya babba, kuma kada ya yi gudu awa ɗaya kafin ci ko bayan ci, saboda karnuka masu zurfin ƙirji tumbinsu kan kumbura ya murɗe. In ka ga ciki ya yi tauri kamar ganga yana yunƙurin amai babu abin da ke fita, tiyata ce ta gaggawa, ba ya kwana. Ragowar tuwo kaɗai ba abinci ba ne, a haɗa da kifi ko nama ko kayan ciki ko ƙwai dafaffe. Miyar da ta sha albasa tana fasa masa jini. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Ibuprofen da diclofenac na mutane suna ɓula masa ciki su kashe ƙoda.

Baba Maharbi:
Ku faɗi maganar allura da babbar murya, don ita ce ta shafi har wanda ba shi da kare.

Dakta:
Haka ne, Baba. Maganin tsutsa daga sati 2, a maimaita duk bayan sati biyu har sati 8, sannan duk wata har wata shida, daga nan duk wata uku. Allurar haɗaka, wadda ta ƙunshi parvo mai kawo amai da gudawar jini, ana yin ta a sati 6 zuwa 8, a sake a sati 10 zuwa 12, a cike a sati 16. Kafin ta cika kada kwikwiyo ya taka inda baƙin karnuka ke kashi. Allurar haukan kare a wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin ta a nan gida. Allurar da ta yini a aljihu ba ƙanƙara ta mutu, ko an yi ta kamar ba a yi ba ne. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada a jira a ga ko karen zai haukace.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya. Wani mai sayarwa ya ce kwikwiyonsa sati biyar ne, uwar tana wani gari, amma kunnuwan sun riga sun tsaya, wai shaidar jini mai kyau ke nan.

Hajiya Mai Kiwo:
Ƙanena, bar wannan cinikin. Ba a raba kwikwiyo da uwarsa kafin sati takwas, a waɗannan makonnin ne yake koyon sassauta cizo daga uwa da 'yan'uwansa. Kunne kuma ba shaida ba ne. Na karen Jamus yakan tashi ya faɗi ya sake tashi lokacin famfarar haƙora, tsakanin wata huɗu da shida, wani ma sai ya kusa wata bakwai yake tsayawa sosai. Ka nemi inda za ka ga uwar da idonka, ka sa a ja ta a gabanka yadda Mai Horo ya bayyana, ka karɓi katin allura mai ɗauke da takardar jikin kwalbar da sa hannun likita, sannan ka kai kwikwiyon wurin naka likitan cikin kwana biyu, da sharaɗin za a karɓa a mayar maka da kuɗinka in an sami matsala.